Me ya ruɓar da Tillandsia a tukunya?

Ka ce ka dasa Tillandsia tectorum a tukunya, gindinta ya yi baƙi ya ruɓe. Malam, ƙasar ce ta kashe ta. Dangin abarba ce, a jikin duwatsun Peru da Ekwado take manne, saiwarta ta riƙo ce kawai. Farin gashin nan mai kama da toka a ganyenta, shi ke shan ruwa.

Ɗaure ta a kan dutse da zaren kamun kifi, ban da wayar tagulla, guba ce gare ta. Yi mata feshi da safe sau 1 ko 2 a mako, ruwan sama ya fi. Kifa ta ka girgiza, ta bushe cikin awa 4.