Gajibarci, sha-hamma da langaɓau: amsoshin wannan makon

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu guda suka taru, gajiyar rashin barci da sunayen wasa da mutane ke laƙaba mata. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya daga wata mai jego a Zariya: Malam jaririna ba ya bari in runtsa da dare, ni da ƙanwata mun raɗa wa halin da nake wuni a ciki suna, muna ce masa gajibarci, wato gajiya da barci. Ya halatta a Hausa?

Allah ya raya, ya ba ki ladan reno. Halatta kam ta halatta, ba wanda ya riƙe makullin Hausa a aljihunsa, ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 duk bin bakin mutane suka yi suna tsinta, ba su suka haifi kalmomin ba. Amma tunda kin tambaya, gaskiya gajibarci ba ta zauna min a kunne ba. Gutsuro kan wata kalma a manna wa wata dabarar Turanci ce, ba ita muka saba gini da ita ba. Sannan a rubuce duk wanda ya gan ta zai iya jan "ga" ɗin, ya ɗauka wanda ya gaji barci ake nufi, wato ya gada wajen iyaye da kakanni, kin ga an mayar da ke mai yawan barci alhali barcin ne ma ba ki samu ba.

Bahaushe in zai raɗa sunan wasa magana sukutum yake ɗauka ya dunƙule ta. Duba faɗi-ka-mutu da ake ce wa tangaran, da a-ci-balbal, da bar-ni-da-mugu na ƙurajen fuskar samari, da hana-sallah, da dafa-duka, da a-kori-kura. Ba na da can kaɗai ba, a gabanmu aka yi a-daidaita-sahu, sunan shiri ne na gyaran tarbiyya zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau a Kano, mutanen gari suka ɗauke shi suka ɗora wa keke mai ƙafa uku, yau yaro na hawa bai ma san daga ina sunan ya fito ba. Kowanne daga cikinsu in kika ji shi hoto kike gani, kuma ba ya bukatar tafinta. To a kan wannan ginin ni da zan ba ki shawara sai in ce ke sha-hamma ce a 'yan kwanakin nan, kamar yadda ake cewa sha-kallo, sha-yabo, sha-wuya, shi kuma ɗan jaririn hana-barci.

Akwai hanya ta biyu wadda ni na fi ƙauna, kuma ina jin takaicin yadda aka bar ta tana kwance, ita ce ɗafa "au" a ƙarshen aikatau, wato kalmar aiki. Mai yawan mantuwa mantau, mai yawan makara makarau. Har sunan ciwo da ita ake yi, sanƙarau daga sanƙarewa, ƙanjamau daga ƙanjamewa. Kin ga ke nan halin da mutum ke shiga bayan ya kwana ido biyu, wuya ya ƙi riƙe kai, gwiwa ta saki, ana masa magana yana bin mai maganar da ido kawai, ba abin da zai hana a ce langaɓau ya kama shi, daga langaɓewa. A yi ƙasa da murya a gaɓoɓin farko a ɗaga a ta ƙarshe, daidai yadda ake faɗin sanƙarau. Ki gwada su a gaban wata tsohuwa a gidanku, wadda ta yi wa dariya ba tare da an yi mata bayani ba ita za ki riƙe.

Tambaya: Barci ne daidai ko bacci?

Duk biyun ana faɗi. Barci ake rubutawa a daidaitacciyar Hausa, bacci kuma "r" ce ta narke cikin harafin da ke gabanta, irin yadda bar shi ke komawa bash shi a baki.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'a a Kano: In mun kwana karatu lokacin jarrabawa muna cewa mun yi tidibi, washegari kuma mu ce mun yi hangin, kamar yadda waya ke daskarewa, ko cajinmu ya ƙare. Hausa ba ta da kalmomin wannan ne?

Wannan tambayar ta sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Ɗana, Hausa ce ba ta da su ko kai ne ba ka nema ba? Tidibi ɗin nan haruffa uku ne na Turanci da ke nufin har gari ya waye, mu kuwa muna da kwanan zaune tun kafin a gina jami'ar da kake ciki, mata na yin sa a gidan biki da daren suna, su kwana ana hira ana aikin abinci har asuba. In ba ka kai asuba ba ka raba dare. In ka kwanta amma barcin ya ƙi zuwa ka kwana ido biyu, ko ka ce ban runtsa ba.

Abin da ke biyo baya da safe kuma ba abu ɗaya ba ne, shi ya sa nake jin haushin a tattara shi duka a ce "na gaji" ko "na yi hangin". Akwai angaje, ido ya yi nauyi jiki ya mutu kana ta fama. Akwai gyangyaɗi, shi kai ne ke aikin, ka duba ɗan ajinku a laccar ƙarfe takwas, biro na hannunsa yana rubutu, sai rubutun ya fara karkacewa ya zama layi guda ya gangara ƙasan takarda, haɓa ta sauka a ƙirji, sai firgigit ya ɗago yana gyaɗa wa malami kai kamar ya gane. Akwai rurumi, ɗan lumshe idon da ba ka yi nisa ba, kana jin maganar mutane sama-sama. Akwai magagi, wannan bayan an tashe ka ne barci bai sake ka ba, irin na yaron da aka tasa sahur, ya zauna gaban kwano da loma a hannu ido a rufe, a ce masa ci ya ce ai ya kai awakin. Akwai kasala, wadda muka aro daga Larabci tuntuni ta zama tamu, ita ba barci kake ji ba, komai ne ba ka son taɓawa. Ga likimo, wanda idonsa biyu ya yi kamar yana barci don kar a aike shi. Ga gajiya liƙis, ga tiɓis. Duk wannan dukiya tana nan mutum ya tsallake ta ya je ya ɗauko hangin, kalmar da ko kakarsa ba zai iya gaya wa ba.

Ban hana ku ƙirƙira ba, ku ne ma ya kamata ku yi, harshen da samari suka daina wasa da shi ya kama hanyar tsufa. Cajina ya ƙare ma na karɓe ta hannu biyu, domin caji ya riga ya zama ɗan gida kuma ginin jimlar namu ne, mai sayar da goro a tasha zai gane ta nan take. Abin da nake roƙo ku san na gida tukuna, sai ku ga inda giɓi yake ku cike. Misali ban san kalma guda da ke nufin gajiyar wanda ba karatu ya yi ba, ba jinya ba, ba sallar dare ba, waya kawai ya riƙe yana latsawa har aka yi kiran assalatu. Wannan sabon hali ne, yana neman suna, ga fili nan.

Tambaya daga Gusau: Me zai hana a ce wa mai yawan jin barci mabarci, kamar maroƙi ko manomi?

An riga ka. Mabarci tsohuwar kalma ce kuma daga bashi ta fito, wanda ake bi ko mai bin bashin, jam'inta mabarta. Sai dai in da wasa kake so, ka faɗa a kan daidai ba ka sani ba, domin wanda ya kwana bai runtsa ba bashi ya ci, kuma za a biyo shi.

Tambaya daga wani direban motar haya: Ana cewa barci ba a cin bashinsa, ni kuwa da goro da shayi mai kauri ina kwana a hanya lafiya lau. Karin maganar ba ta yi ƙarya ba?

Ba ta yi ba, kuma don Allah ka saurare ni da kyau domin taka ta wuce wasan kalmomi. Ma'anarta ba wai ba a iya jinkirta barci ba, ana iyawa, nufinta duk wanda ya ci sai ya biya, kuma mai bashin ba ya tambayar ka lokacin da ya dace. Shi ya sa aka kuma ce masa ɓarawo. Masana lafiya sun ce baligi na bukatar awa 7 zuwa 9 a dare, kuma muddin mutum na farke akwai wani sinadari, adinosin, da ke taruwa a ƙwaƙwalwa yana ƙara masa nauyin barci. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi da kofi ba ya kwashe shi, toshe inda yake kamawa kawai yake yi na ɗan lokaci, in ya sake ka sai abin ya sauko gaba ɗaya. Gyangyaɗin da ke zuwa a irin wannan hali na daƙiƙa uku ne ko huɗu, wani ma ido a buɗe, mai shi zai rantse bai yi ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, a daƙiƙa huɗu ta wuce mita 110 ba kowa a sitiyari, ga mutum goma sha a bayanka. In ka ji hamma ta jeru, ko ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, ka faka ka kwanta ko na minti 20 ne. Fasinja su yi ta mita, ba komai.

Tambaya: Ƙanena kullum yana gyangyaɗi a shago, muna tsokanarsa da mai ciwon barci. Akwai laifi?

Ni dai ba na so. Ciwon barci cuta ce ta gaske da ƙudan tsando ke yaɗawa, ta yi ɓarna a ƙasar nan ba kaɗan ba, har a shekarun 1930 zuwa 1940 aka tashi mutane a yankin Anchau ta ƙasar Zazzau aka sake musu matsuguni, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ku ce masa gyangyaɗau, ya ishe shi. In kuma yana kwana sosai da dare amma duk da haka yana zubewa da rana, musamman in yana da minshari mai ƙarfi, ku daina dariya ku kai shi asibiti.

Tambaya daga Maraɗi: Mu nan muna cewa ina jin kwana, abokaina na Kano suna min dariya.

Su ne abin dariya. Daga Sakkwato har ƙasarku kwana shi ne barci, kuma su kansu kullum suna cewa wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Ci gaba da abinka.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Kaduna: A goman ƙarshe na azumi, tsakanin tahajjud da girkin sahur da fita aiki, muna ce wa gajiyar sahurau. Ta yi?

Daɗin faɗi kam tana da shi, sai dai "au" aikatau take bi, sahur kuwa suna ne, don haka a ƙa'ida ta ɗan karkace. Amma na lura duk wanda aka faɗa wa ya gane ba sai an yi bayani ba, kuma ta ware wata gajiya ta daban wadda mata suka fi kowa sani, ga ibada ga tukunya ga aji cike da yara ƙarfe takwas. Ku ci gaba da faɗinta a ofishin malamai, in ta kai azumin baɗi da ranta ki sake rubuto min. Allah ya karɓi ibada.