Shin ganyen farasiyun yana maganin tari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga an rubuta Marrubium vulgare a jikin kwalin wata alewar tari, aka kuma ce mini ciyawar daji ce. Wane irin tsiro ne wannan, kuma da gaske yana maganin tari?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wanda ya gaya maka ciyawar daji ce bai yi kuskure ba. Larabawa suna kiran tsiron farasiyun, kuma danginsu ɗaya da na'a-na'a, sai dai shi ɗaci ne da shi mai tsanani. Asalinsa daga Turai, Arewacin Afirka da yammacin Asiya ne, inda yake fitowa da kansa a bakin hanya, a kufai, da busassun makiyayu.

Idan ka murza karansa tsakanin yatsu za ka ji yana da kusurwa huɗu, ga wani farin gashi mai laushi kamar auduga da ya lulluɓe shi. Ganyensa a yamutse yake, tsawonsa santimita 2 zuwa 5, furanninsa kuwa ƙanana ne farare, suna taruwa a daidai inda ganye ya haɗu da kara. Kwanson furen yana da ƙananan ƙugiyoyi 10 masu maƙalewa a gashin tumaki, kuma ta haka ya bazu a Ostareliya, inda aka kai shi a ƙarni na 19 don magani, amma ya zame wa makiyaya alaƙaƙai. Akwai wani ɗan'uwansa, Ballota nigra, mai fure ruwan hoda zuwa shunayya da wari marar daɗi, wanda bai kamata a rikita su ba.

Batun tari kuwa yana buƙatar a yi masa adalci. Tun ƙarni na 1 likitan nan Bagirke, Diyoskoridis, ya ambace shi cikin magungunan ƙirji, kuma sinadarin da ke ba shi ɗaci, wato marubin, shi ake jin yana sassauta majina, yana kuma motsa yawu da ruwan ciki. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shi ga tarin mura, kumburin ciki marar tsanani da rashin cin abinci na ɗan lokaci, amma ta dogara ne ga daɗewar da aka yi ana amfani da shi, ba ga gwaji mai ƙarfi a kan marasa lafiya ba. A Amurka kuwa, a 1989 hukumar abinci da magunguna ta cire shi daga magungunan fitar da majina saboda rashin isasshiyar hujja. A ganina yana iya rage wahalar tarin mura, amma wanda ya ce maka yana warkar da asma ko tarin fuka ya wuce gona da iri. Ita alewar ma, tsotsar da ake yi ce ke yin rabin aikin sanyaya maƙogwaro.

Yadda aka saba sha shi ne a zuba giram 1 zuwa 2 na busasshen ganyen a kofi guda na tafasasshen ruwa, sau 3 a rana. Mai juna biyu, mai shayarwa da yaron da bai kai shekara 12 ba su bar shi, haka ma mai gyambon ciki ko tsakuwar matsarmama sai da izinin likita. Idan tarin ya wuce mako guda, ko ya zo da zazzaɓi, haki ko jini a cikin kaki, ka ajiye alewar ka tafi asibiti.