Kafin a sake maka pad, a buɗe kalifa a auna dis

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, kace motarka Corolla ce 2007, in ka taka birki tana ƙara ƙiiii, in kana gudu sosai kuma ka taka sai sitiyari ya riƙa rawa a hannunka, bakanikenka yace a sake pad, wato takalmin birki, alhali wanda ke ciki ko wata 4 bai yi ba. Toh bari in faɗa maka abinda na sani, ni shekara 14 nayi ina haya tsakanin Kano da Jos da Abuja kafin in koma tuƙin ofis, kuma maganar birki bana wasa da ita ko kaɗan saboda abinda idona ya gani.

In pad ya cinye cikin wata 4 to akwai abinda ke cinye shi, in aka sa sabo ba'a nemo wannan abun ba wallahi bayan wata 4 zaka sake dawowa da wannan tambayar. Abinda nake so kayi, kar ka ajiye mota a gareji ka tafi kasuwa kace a kira ka in an gama. Ka tsaya a wajen. A ɗaga gaban motar da jak, a cire tayoyin gaba duka biyu ba guda ɗaya ba, kafin a kwance komai ka sa hannu ka juya dis ɗin, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya wanda pad ke matsewa, ya kamata ya juya da ɗan gogawa kaɗan, in kaji sai ka sa ƙarfi to birkin yana riƙewa ko baka taka ba. Sannan a ciro pad ɗin guda 4 a jera maka su a ƙasa ka duba da idonka. In na ciki ya cinye sosai na waje yana nan da kaurinsa, ko kaga ya ci a karkace, gefe ɗaya siriri gefe ɗaya mai kauri, to fin ɗin kalifa ne ya ƙame, kalifa kuwa ita ce ƙarfen da ke riƙe pad tana matse shi a jikin dis.

Wannan fin ɗin guda biyu ne a kowace kalifa, a kansu take zamewa gaba da baya, kowanne da 'yar robarsa mai kare shi. Da zarar robar ta yage shikenan, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta kama shi. Na taɓa ganin wanda sai da aka sa filaya ana murɗawa kafin ya fito, yayi ja jawur ya bushe kamar ƙusar da ta shekara a ƙasa. Gyaransa ba tsada, a goge shi tas, a sa robar sabuwa, a shafa masa giris na silikon wanda akayi don birki. Dan Allah kar ka yarda a lakato giris ɗin boris daga gwangwani a shafa, wancan yana kumbura roba, bayan sati kaɗan fin ɗin ya sake ƙamewa fiye da da. In fin lafiya lau yake amma taya na riƙewa to a duba fistin ɗin kalifar kansa, wanda ke tura pad, da tiyon roba da ke kawo man birki, shima in ya tsufa yakan toshe ta ciki ya hana mai komawa.

Rawar sitiyari kuma mafi yawanci daga dis ne, fuskarsa ta daina zama daidai, wani waje ya fi wani kauri, pad na kamawa yana saki yana kamawa yana saki, shine kake ji a hannu har da ƙafarka a kan feda. Ka bi fuskarsa da farce bayan ya huce, in kaji kwari-kwari kamar kunya-kunyar gona ko bakinsa yayi tudu, ya ci. A jikin kowane dis an buga MIN TH da lamba, wato iyakar siririn da aka yarda ya kai, kuma a ƙananan motoci tsakanin sabo da wannan iyakar bai fi milimita 2 zuwa 3 ba. A auna. In da sauran kauri ana iya kaiwa masu inji su sassaƙe fuskar, in ya kusa iyaka ka haƙura ka sayi wani, kuma biyu ake canjawa tare hagu da dama, haka pad ma. Dis siriri baya ɗaukar zafi, nan da nan zai sake lalacewa. Lokacin ɗaurawa a kankare tsatsar da ke fuskar hob ɗin inda dis ke zama, mutane da yawa basa yi, kuma ɗan datti kaɗan a wajen ya isa ya sa sabon dis rawa. Notin taya a ɗaure shi tsallake-tsallake, wannan sai na gabansa, ba yaron gareji ya hau kan sifana yana tsalle ba, ƙarfin ɗaurin na Corolla 103 Nm ne in suna da sifanar awo. Tunda mota na sama a girgiza tayarod da boljoyin ma, in sun saki suna ƙara rawar.

Ƙarar ƙiiii ɗin ita ce mai sauƙi, akwai ɗan ƙarfe a jikin pad da akayi shi musamman don ya taɓa dis yayi ƙara in pad ya kusa ƙarewa. Sabon pad wajen milimita 10 ne, in ya sauko 3 a cire. In ƙarar ta koma gurrr kamar ana niƙa to ƙarfe ne ke cin ƙarfe, ranar ma kar ka hau titi.

Yanzu man birki, wanda baka tambaya ba amma shine ya fi damuna. Wata shekara na taso daga Jos zan Abuja da fasinja cike da kaya a but, kwana 2 kafin nan an sa min pad a wani gareji, raina kwance. Muna cikin gangaren Hawan Kibo ina ta taka birki a hankali a hankali, sai naji wari kamar ana ƙona roba, na sake takawa feda ta tafi har ƙasa ba komai, kamar na taka soso. Wata dattijuwa a bayana ta fara salati. Allah Ya taimake ni na dawo da giya 3 sannan 2, ina famfa feda ina jan birkin hannu kaɗan kaɗan har na samu gefe na tsaya, gwiwata na rawa na kasa fitowa. Da na fito gaban hagu hayaƙi yake. Fin ya ƙame, birkin na gogawa tun daga Jos, zafi ya tafasa man birkin da tunda na sayi motar ba'a taɓa juye shi ba, ƙari kawai ake yi. Da muka zuƙo shi a kwalba baƙi ne kamar shayin da ba madara.

Man birki yana shan danshin iska, haka yanayinsa yake. Nau'in man da ake kira DOT 3, sabo sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, in ya sha ruwa yana saukowa wajen 140. DOT 4 kuma 230 ne, ya sauko 155. In ya tafasa sai ya zama tururi a cikin fayif, tururi kuma matsuwa yake baya tura fistin, shi yasa feda ke nutsewa. Duk shekara 2 a juye shi gaba ɗaya a cire iska taya bayan taya har sai mai fari ya fito. Ka karanta murfin tankin, abinda aka rubuta shi zaka sa, daga gwangwanin da aka fasa a gabanka. DOT 5 na silikon ne kar a haɗa shi da waɗannan. Masu zuba ruwan omo ko man giya ko baƙin mai don a lallaɓa a isa gida, ina roƙonku da girman Allah ku bari, rayukan mutane kuke ɗauka, robobin kalifa da na masta, wato famfon da ke tura mai in ka taka feda, duk lalacewa suke. Haka masu daddatse fayif na taya ɗaya in yana yoyo su tafi da birkin taya 3. In kaga mai na raguwa a tanki kar ka ƙara kawai ka rufe, ko pad ne ya cinye ko akwai inda yake zuba. In kuma kana tsaye ka danne feda kaji tana sauka a hankali, masta ce.

Wajen sayen pad, ko Kofar Ruwa zaka ko Panteka ko Apo, ka tafi da tsohon a hannu, kace mai kyau kake so kuma ka biya kuɗinsa. Jabu yayi yawa, kwali mai kyau ciki tarkace, irinsu ne ke ƙamewa suyi sheƙi kamar gilas suna ƙara suna cin dis. Pad na Beljiyam ni bana sawa, dis na Beljiyam in an auna yana da kauri ba laifi. Birkin bayan motarka inaga dorom ne ba dis ba, a buɗe a kakkaɓe ƙura a duba shu, wato takalmin birkin da ke ciki, a saita, don in baya baya kamawa gaba ke ɗaukar duk wahalar.

In an gama kafin mota ta motsa ka famfa feda sau 5 ko 6 har tayi tauri, don an tura fistin ciki lokacin sa sabon pad, takun farko ba birki. Sannan ka samu titi mara cunkoso ka taka a hankali daga gudu 60 zuwa 20 kamar sau 8 ba tare da ka tsaya cak ba, pad ya zauna a kan dis, kwanakin farko banda birkin gaggawa sai dole. A gangare kuma ka sauko da giya, in otomatik ce ka sa 2 ko L.

In an cire tayoyin ka ɗauko hoton pad ɗin 4 a jere da fuskar dis ɗin ka turo nan mu gani kafin ka biya kuɗin kaya. Allah Ya tsare hanya.