Mr. Bean yana magana kuwa?

Malam, ka tambaya ko mutumin da ya fito a Mr. Bean ba ya iya magana ne, kuma ko yana da wasu wasannin. Yana magana sarai, harshensa ma kaifi gare shi.

Sunansa Rowan Atkinson, an haife shi a arewacin Ingila a 1955. Injiniyan lantarki ne, ya yi karatu a Newcastle, ya ƙaro digiri na biyu a Oxford. Mr. Bean ya fara fitowa a tashar ITV a 1990, kashi 15 ne kacal, aka rufe a 1995.

Ni abin da ke burge ni da shi, fuskarsa da gaɓoɓinsa kaɗai sun wadatar. Dubi inda yake fama da gyangyaɗi a coci: ido na lumshewa, yana bankaro su, jiki na sulalewa daga benci har ƙasa. Tsohuwar da ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya sai ta yi dariya har da hawaye. Wannan baiwa ce daga Allah, ga kuma aiki tuƙuru.

In kana son jin bakinsa, nemi Blackadder na BBC, 1983 zuwa 1989. Can ya fito a matsayin mai wayo da baƙar magana, musamman daga zango na biyu. Na huɗun, wanda ya shafi Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi na fi so. Turancin yana da sauri, don haka ka kunna rubutun ƙasan allo.