Da gaske Larabawan Dubai sun saye kamfanin Baccarat Rouge 540?

Tambaya: Ina haɗa wa ƙanena lefe, sai wani mai turare ya ce mini Larabawan Dubai sun saye kamfanin da ke yin Baccarat Rouge 540, saboda haka man da yake aunawa a tola shi ne na asali, kuɗin kwalba kawai aka cire. Na ba da kafin alƙalami, amma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, ki koma ki karɓo kuɗinki. Gidan turaren sunansa Maison Francis Kurkdjian, wanda Francis Kurkdjian, Bafaranshe ɗan asalin Armeniya, ya kafa a Paris a 2009 tare da abokinsa Marc Chaya. An sayar da mafi yawan hannun jarinsa a 2017, amma kamfanin LVMH na Faransa ne ya saya, wato masu Dior da Guerlain da Louis Vuitton. Shi kuwa turaren, an fara haɗa shi a 2014 domin bikin cikar masana'antar gilashi ta Baccarat shekara 250.

Maganar "man asali" ita ce ta ishe ni, domin kusan kullum sai an kawo mini ita. Wannan gida ba ya auna wa 'yan kasuwa ruwan turarensa a jarka. Abin da ake yi shi ne, masu kwaikwayo su sayi kwalba ɗaya, su sa ta a na'urar da ke rarrabe sinadarai, sannan su haɗa mai kama da shi da kaya masu araha. Da an shafa, zaƙin nan mai kamar ƙonannen sukari zai bugi hanci, mai saye ya ce ai shi ne; bayan sa'a biyu kuwa sai ki shinshina wuyan hannunki ki ji wani abu dabam. Kwaikwayon da aka kira shi kwaikwayo ban ga laifinsa ba, wasu ma suna da daɗi. Abin da ke ba ni haushi shi ne a rantse wa mutum da Allah a kan kwalbar da babu sunan wanda ya haɗa ta, babu jerin sinadaranta, sannan a miƙa wa amarya ta shafa a wuya da ƙirji, alhali mai ƙarfi irin wannan yana iya jawo ƙaiƙayi da ƙuraje.

Idan na asalin kike so, ki nemi mai kwali a rufe, ki duba ko lambar da ke gindin kwalbar ta yi daidai da ta jikin kwalin. Idan kuma na tolar kika zaɓa, ki biya farashin kwaikwayo, a fara gwada ɗigo ɗaya a hannu kwana guda kafin a sa shi a akwati.