Kada ka yi saurin rabuwa da Les Paul ɗinka

Kana tambaya ko ka sayar da jitarka ta lantarki ƙirar Les Paul tunda yanzu Stratocaster ce ke shiga ranka. A'a, riƙe abarka. Kunnen makaɗin jita yana sauyawa, ba kai aka fara ba. Eric Clapton ma, shahararren makaɗin jita na Ingila, da jitar Gibson, kamfanin da ke ƙera Les Paul, ya yi suna kafin ya koma Stratocaster wajajen 1970.

Ni kafaɗa ce ta kore ni daga Les Paul. Les Paul ta kan haura kilo huɗu, in ka rataye ta tun bayan Isha'i har a tashi daga biki, washegari wuyanka zai ba ka labari. Strat, wato Stratocaster, ta fi sauƙi, muryarta siririya ce tangaran, irin wadda makaɗi Mdou Moctar na Nijar yake fitarwa da tasa ta bahago. Amma fikof ɗinta (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya) mai naɗin waya ɗaya akwai kwasar gurnanin lantarki. Na taɓa haɗa tawa a wurin da janareta ke ba da wuta, zuuu ɗin ya kusa danne kiɗan, dole na ɗauko tsohuwar Les Paul ɗina, don fikof ɗinta mai naɗi biyu yana kashe wannan ƙarar. Ari Strat ka yi wata guda da ita tukuna.