Takalmin da za ka sa ranar ɗaurin aure

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji tambayarka: wai ranar ɗaurin aurenka ka sa takalmin Italiya mai igiya da abokanka suka zaɓa maka, ko na dukawanmu, kuma me ya sa iyayenka suka nace da na gida. To saurara.

Fara lissafa sau nawa za ka tuɓe takalmi ran nan. Za ka tuɓe a ƙofar masallaci. Za ka tuɓe a zauren surukanka, tun kafin ka kai bakin tabarma, ka durƙusa. Duk dattijon da ya zo sa albarka, ba za ka gaishe shi kana tsaye bisa takalmi ba. In kuma aka kai ku gaisuwa gidan hakimi, ko fadar Sarkin Katsina a Ƙofar Soro, nan ma daga nesa ake cirewa. Ango da babbar riga ya tsuguna yana kokawa da igiya, manya na jiransa, ba abin kallo ba ne mai daɗi. Shi ya sa baduku yake yi wa namiji takalmin da ƙafa za ta zare da kanta: sambatsai, ko sau-ciki marar dunduniya. Mai shiga har gwiwa na mahaya ne ranar hawan Sallah, huffi kuma na malamai da masu gudun sanyin asuba. In za ka sa, fara da dama, in za ka cire, fara da hagu. Wannan sunna ce, ba al'ada kaɗai ba.

Kada kuma ka raina fatarmu. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda kake gani tana yawo a Jibiya, ita fatake suka riƙa ɗaukar fatarta su ƙetara Sahara, Turawa suka saye ta a hannun mutanen Maroko, suka laƙa mata sunansu. Har gobe masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna tura fata Italiya da Sifen. Ba mamaki abin da abokanka ke yabo daga nan ya tashi.

Aikin hannu biyu ne, kuma yaran yanzu suna haɗa su. Majemi shi ke jiƙa fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, ya tsoma ta cikin bagaruwa, ya shafe ta da mai, ya yi ta murza har ta yi laushi. Sannan baduku ya karɓa. Wajen rina fata, ja daga karan dafi yake, rawaya daga gangamau, baƙi kuma kuloko ne, wato baƙin rinin dukawa. Saman takalmi fatar akuya, ƙasansa ƙirgin shanu mai kauri, a ɗinke da basilla. Ƙirgin nan ya yi tsada tun da aka koma cin ganda, shi ya sa da yawa suka koma manna roba da gam. Ban ga laifinsu ba, amma kai ka ce ɗinki kake so, ka biya.

In ka je, kada ka aika yaro da lamba. Je da ƙafarka da la'asar, lokacin da ta ɗan kumbura, ya zana ta a kwali, dama da hagu, don ba su cika zama daidai ba. Sansana fatar: ta gaskiya warin bagaruwa take yi, ta jabu warin leda. Danna da babban yatsa ka ga ƙananan tamoji sun fito sun koma. Kama da wane ba ta wane. Juya ka duba ɗinkin ƙasa, can ake ɓoye ha'inci.

Launi kuwa, baƙi ko ruwan ƙasa ya ishe ka bisa farar shadda. Mai gashin jimina kada ma ka yi sha'awarsa, na sarauta ne, da Sarkin Kano aka fi saninsa.

Ka karɓo shi da saura mako biyu, ka riƙa sa shi cikin gida don ya san ƙafarka. In hunturu ya kama, ɗan man kaɗanya a tsumma ya wadatar. In ya jiƙe, a inuwa ake shanya shi. Na Italiyan kuma ajiye shi don ofis. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe ranar Laraba.